Shin Ko Kun San? Tafiyar Ruwa da Guba a Ƙarƙashin Ƙasa

Yau za mu gangara can inda guga ke zuwa amma ido ba ya zuwa. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Haka ne, sai dai wanda ya tona ɗin ma da sauran tambaya a gabansa: ruwan nan daga ina ya taso, me ya taɓa a hanya, me ya ɗauko, me ya ajiye? Akwai masanan da aikinsu ke nan, bin sawun ruwa da duk abin da ya narke a cikinsa yayin da yake ratsa yashi da laka da dutse, sannan su lissafa tafiyar a kwamfuta. Ga kaɗan daga abin da suka gano.

Shin ko kun san bokitin da aka cika maƙil da busasshen yashi zai iya shanye ruwan da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa ba tare da ya tumbatsa ba? Ku gwada a tsakar gida. Ku tsiyaya ruwan a hankali, za ku ga yana nutsewa, 'yan ƙananan kumfa na tasowa, yashin yana yin duhu daga sama zuwa ƙasa. Tsakanin kowace ƙwayar yashi da 'yar uwarta akwai 'yar kafa, kuma a irin waɗannan kafofi ruwan yawancin rijiyoyinmu yake zaune. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ce kusan kashi 99 cikin 100 na ruwan daɗin duniya da bai daskare ba, a ƙarƙashin ƙasa yake.

Shin ko kun san laka ta fi yashi riƙe ruwa, amma ta fi shi rowa? Kafofinta sun fi yawa, sai dai ƙanƙantarsu ta sa ruwa ba ya samun hanya. Bambancin saurin wucewar ruwa tsakanin tsakuwa da laka ya haura ninki miliyan. Shi ya sa mai haƙar rijiya ke murna idan ya fasa laka ya tarar da yashi.

Shin ko kun san dokar da duk wannan ilimi ya dogara a kanta, da bututu cike da yashi aka gano ta? Henry Darcy injiniya ne a birnin Dijon na Faransa, kuma shi ya jawo wa birnin ruwan sha daga wani marmaro mai nisan kimanin kilomita 12. A 1855 ya tsayar da bututu mai faɗin santimita 35, ya cika shi da yashin kogi, ya riƙa tura ruwa yana auna abin da ke fita. Sai ya ga idan ya ninka ƙarfin turin, ruwan da ke fita ya ninku; idan ya ninka kaurin yashin, ruwan ya ragu da rabi. Ya buga sakamakon a 1856, ya rasu a 1858. Har gobe masu haƙar man fetur da sunansa suke kiran ma'aunin da suke auna yadda dutse ke barin ruwa ko mai ya wuce.

Shin ko kun san a cikin yashi ruwan ƙasa kan yi tafiyar 'yan santimitoci ne kawai zuwa mita guda a wuni? Mu ɗauka santimita 10 yake yi. Kafin ya ci mita 100 sai ya kwana dubu, wato kusan shekara uku. Ke nan dattin da aka zubar bana yana iya isa rijiyar maƙwabci bayan kowa ya manta da zancensa.

Shin ko kun san abin da ya narke a ruwa ta hanya uku yake tafiya? Ta farko, ruwan ya ɗauke shi ya tafi da shi, kamar kara a bakin kwata. Ta biyu, ya bazu da kansa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan ko da ruwan a tsaye yake, kamar yadda ƙwayar shuni ke rina kwanon ruwa ba tare da an motsa ba. Wani Bajamushe mai suna Adolf Fick ne ya fitar da lissafin wannan a 1855. Ta uku ita ce warwatsuwa. Ku tuna yadda jama'a ke watsewa daga masallacin Juma'a a tsohon birni: tare aka sallame, amma wani ya bi babban titi, wani ya shiga lungu, wani lungun nasa bai ɓulle ba sai da ya dawo. 'Yan unguwa ɗaya ne, amma sai su iso gida a rarrabe. Haka guba ke yi a kafofin ƙasa, tana miƙewa tana faɗaɗa kamar hayaƙin da iska ta kwasa.

Shin ko kun san ƙasa tana yin musaya da ruwan da ke ratsa ta? A Ingila wani mai gonaki, H. S. Thompson, ya zuba ruwan taki mai amoniya a kan ƙasar da ya cusa a bututu. Abin da ya ɗigo daga gindin bututun ba amoniya a cikinsa, sai sinadarin kalsiyom, irin wanda ke cikin alli. Ƙasar ta riƙe wancan ta saki wannan. Shi da masanin sinadarai J. Thomas Way sun buga bayanin a 1850. Wannan musaya ce ke sa wani ɓangare na taki ya zauna a gona maimakon ruwan sama ya wanke shi duka.

Shin ko kun san giram ɗaya na wata irin laka mai kumbura idan ta jiƙa, da za a shimfiɗa fuskokin ƙwayoyinta, faɗinsu zai kai murabba'in mita 600 zuwa 800? A kan waɗannan fuskoki sinadarai ke maƙalewa su sake, su sake maƙalewa, sai tafiyarsu ta yi nawa. A 1985, a Cape Cod ta Amurka, masana sun zuba sinadarai uku tare a cikin ruwan ƙasa. Na farko, wanda ba ya maƙale wa komai, ya riƙa cin kimanin santimita 40 a wuni. Sauran biyun kuwa kusan rabin nisansa kawai suka iya yi.

Shin ko kun san an taɓa shafe kusan shekara uku ana bin sawun ruwa lita 12,000 a ƙarƙashin ƙasa? A 1982 ne, a sansanin soja na Borden da ke Kanada. Masana daga jami'o'in Stanford da Waterloo sun zuba ruwan da aka haɗa da gishiri da wasu sinadarai biyar a cikin yashi, suka kafa wuraren ɗibar ruwa sama da 5,000. Gishirin ya yi gaba da saurin kimanin santimita 9 a wuni, sauran suka biyo baya, kowanne da irin nasa jan ƙafa. Har yanzu da alƙaluman wannan gwaji ake auna ingancin sababbin lissafai.

Shin ko kun san akwai kogin da ke ɓacewa a ƙasa ya ɓulla a wani wuri? A kudancin Jamus, kogin Danube kan nutse cikin tsagogin farin dutse. A 1877 wani masani, Adolf Knop, ya zuba gishiri da mai da wani koren rini a inda ruwan ke nutsewa. Bayan kimanin sa'a 60 sai ga su a marmaron Aach, mai nisan kilomita 12. Tafiyar da za ta ɗauki ruwa shekaru aru-aru a cikin yashi, a tsagar dutse kwana biyu da rabi ta ɗauka. Inda dutse ya tsage, ƙasa ba ta samun sukunin tace komai.

Shin ko kun san kanwar da ake jefawa a tukunyar wake, wannan tafiya ce ta haife ta? A ƙasar Manga da bakin Tafkin Cadi da kwarurrukan Dallol Boso da Dallol Foga a Nijar, ruwan ƙasa yana kusa da sama. Sai ya riƙa hawowa ta kafofin ƙasa kamar yadda kananzir ke bin lagwani, rana ta ƙafe shi, gishirin da ya ɗauko ya rage a sama fari fat. Masu aikin gishiri sukan kankare ƙasar, su zuba a kwando, su kwarara ruwa, su tari abin da ya ɗigo su dafa har ya daskare. Irin wannan hawan ne ke sa gindin katanga ya yi fari yana zubewa, shi ne kuma ke kashe gonar rani idan ana ban-ruwa ba magudana.

Shin ko kun san yadda ake saka ƙarƙashin ƙasa a cikin kwamfuta? Ana yanka yankin a lissafi zuwa ƙananan akwatuna, dubbai ko miliyoyi. Kowane akwati a ba shi irin ƙasarsa, da yawan kafofinsa, da ma'adinan da ke cikinsa. Sai kwamfuta ta yi ta maimaita tambaya biyu: nawa ya shiga akwatin nan, nawa ya fita? Sannan abin da ya shiga, me ya faru da shi: ya narkar da dutse, ya daskare, ya maƙale, ko ƙwayoyin halitta sun cinye shi? Ta gama da yau ta shiga gobe, har ta kai shekara ɗari. Ƙa'idar da ke riƙe da aikin ita ce, ba abin da ke ɓata. Duk giram ɗin da ya bar wani akwati dole a same shi a wani.

Shin ko kun san manyan manhajojin wannan aiki kyauta ake sauke su a intanet? Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da MODFLOW a 1984, aikin Michael McDonald da Arlen Harbaugh, don lissafa tafiyar ruwan kansa. A 1990 Chunmiao Zheng ya rubuta MT3D don bin abin da ruwan ya ɗauko. A 1995 David Parkhurst ya fitar da PHREEQC mai lissafa haɗuwar sinadarai da ma'adinai. Ɗalibin da ke Kano ko Damagaram, da kwamfutar tafi-da-gidanka, zai iya buɗe kayan aikin da ake amfani da su a manyan jami'o'in duniya.

Shin ko kun san lissafi ba ya wuce abin da aka ciyar da shi? A wani sansanin sojan sama da ke Columbus a jihar Misisipi ta Amurka, an fara irin gwajin Borden a 1986, amma a ƙasa mai cakuɗe da tsakuwa da yashi da laka. Lissafin da aka saba da shi ya kasa. Yawancin sinadarin ya tsaya kusa da inda aka zuba shi, wani siririn harshe kuma ya bi jijiyoyin tsakuwa ya yi nisa. Darasin da masana suka ɗauka shi ne, sai an haƙa rijiyoyin gwaji an auna, an gwama da abin da kwamfuta ta faɗa, an gyara, kafin a yarda da ita.

Shin ko kun san ruwa yana da shekaru, kuma ana iya ƙirga su? Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya a sararin sama sun bar wata alama a ruwan sama da ake kira tiritiyom, wadda ta kai ƙololuwa a 1963, kuma rabinta ke gushewa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Rijiyar da aka samu alamar a cikinta, ruwanta ɗan zamani ne. Babban rumbun ruwan Nubiya kuwa, da ke ƙarƙashin Masar da Libiya da Sudan da Cadi, a 2004 an auna ruwan wasu rijiyoyinsa a hamadar Masar, aka tarar wani ya kai shekara miliyan guda. Irin wannan ruwa idan aka kwashe shi, daminar bana ba ta mayar da shi.

Shin ko kun san ruwa garau, mai sanyi, marar wari, yana iya zama guba? Tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse a Bangaladash don raba mutane da ruwan kududdufi mai kawo gudawa da kwalara. Sai a 1993 aka tabbatar da gubar asenik a cikinsu. Wani rahoto a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2000 ya ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari. Ba wanda ya zuba gubar. Tana maƙale ne a jikin tsatsar da ta lulluɓe ƙwayoyin yashi. Inda ba iska a ƙasa, ƙwayoyin halitta suka narkar da tsatsar, gubar ta saku ta shiga ruwa. Aka koma ana shafa wa famfo mai guba jan fenti, mai lafiya kore.

Shin ko kun san irin wannan ya faru a ƙasar Hausa? A Tibiri, kusa da Maraɗi, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajejen 2000, mutanen gari sun sha ruwan wata burtsatse mai zurfi da ke ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne miligiram 1.5 a lita. Na Tibiri ya ninka haka. Ɗaruruwan yara suka tashi da jajayen haƙora da lanƙwasassun ƙafafu. Kaɗan daga wannan sinadari yana ƙarfafa haƙori, mai yawa yana lalata ƙashi, kuma ya fi taruwa a ruwan da ya daɗe kwance cikin dutse. Gwaji ɗaya a kan lokaci zai iya kare yaran gari guda.

Shin ko kun san a 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tarar da tataccen mai, kaurin santimita 8, yana yawo a kan ruwan ƙasa a Nisisioken Ogale da ke ƙasar Ogoni? Sinadarin benzin mai jawo sankara a rijiyoyin wurin ya ninka ma'aunin lafiya sau 900. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Mai ya fi ruwa sauƙi, shi ya sa yake tasowa. Wasu sinadaran wanke ƙarfe kuwa sun fi ruwa nauyi. Su nutsewa suke yi can ƙasa, su kwanta a kan laka, su yi ta sakin guba kaɗan-kaɗan tsawon shekaru.

Shin ko kun san dalma tana cikin gubar da ke maƙale wa ƙasa ƙam? A 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara sama da 400. Da yake dalmar ba ta saurin nutsewa, sai ta zauna a saman ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Shi ya sa aikin gyaran ya kasance kankare saman ƙasar tsakar gida a kwashe, a zuba sabuwa.

Shin ko kun san akwai ƙwayoyin halitta a ƙasa masu cin man fetur? A 1979 bututu ya fashe kusa da Bemidji a jihar Minesota ta Amurka, ɗanyen mai kimanin lita miliyan 1.7 ya malala. Masana sun shafe shekaru da dama suna lura da wurin. Sun ga ƙwayoyin suna cin abin da ya narke, da farko da taimakon iska, da iskar ta ƙare suka koma ga tsatsar da ke jikin yashi. Gurɓataccen ruwan bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba, amma har yanzu da sauran mai a ƙasan.

Shin ko kun san ana gina wa guba katangar garin ƙarfe? A 1996, a Elizabeth City da ke Amurka, an haƙa rami mai tsawon mita 46 da zurfin sama da mita 7, aka cika shi da garin ƙarfe a kan hanyar gurɓataccen ruwa. Ruwan ya ratsa ya wuce, gubar kuromiyom ta daskare a jikin ƙarfen. Ba inji, ba lantarki. Kaurin katangar kuwa da lissafi ake fitar da shi: saurin ruwan, da lokacin da gubar ke bukata kafin ƙarfen ya kama ta.

Shin ko kun san a Afirka aka gano tukunyar nukiliyar da ba hannun mutum ya gina ba? A 1972 aka gano cewa a Oklo ta ƙasar Gabon, kimanin shekara biliyan biyu da suka wuce, ma'adinin yuraniyom ya kama aiki da kansa da taimakon ruwan ƙasa. Da yawa daga cikin sharar da ta fito ba ta yi nisa da wurin ba duk tsawon wannan zamani. Masu gina rumbun sharar nukiliya suna nazarin wurin sosai. A Finlan, rumbun Onkalo yana da zurfin sama da mita 400 a cikin dutse. Za a rufe sharar a tukwanen jan ƙarfe, a kewaye su da lakar nan mai kumbura, da nufin su zauna shekara 100,000.

Shin ko kun san ana mayar da hayaƙi dutse? A 2012, a ƙasar Aisilan, an narkar da iskar kabon a ruwa aka tura ta cikin baƙin dutsen aman wuta. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna sama da kashi 95 cikin 100 nata ya zama farin ma'adini a ƙasa da shekara biyu.

Shin ko kun san masai guda ya taɓa gurɓata rijiyar unguwa har mutum sama da 600 suka mutu? A Landan ne, a 1854. Likita John Snow ya bi diddigin gidajen da kwalara ta yi kisa, ya ga sun kewaye famfon titin Broad, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya aka tona, aka tarar da ramin ƙazanta da ke yoyo, tazararsa da rijiyar kamar mita guda.

Shin ko kun san ƙa'idar da ma'aikatan agaji ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi? Yashi mai laushi yana tare ƙwayoyin cuta da yawa, amma sinadarin naitiret da ke fitowa daga bahaya da taki ba ya maƙale wa ƙasa, wucewa yake yi tare da ruwa. Idan ya haura miligiram 50 a lita yana da haɗari ga jarirai. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire naitiret ko fulorayid ko asenik.

Don haka, mai karatu, kafin ka haƙa rijiya ka duba inda masanka da na maƙwabcinka suke, ka kuma lura da inda ƙasa ta gangara. Baƙin man inji da tsohon batir da ruwan rini kada a zuba su a rami. Sabuwar burtsatse, ta gida ce ko ta unguwa ko ta makaranta, a ɗebi ruwanta a kwalba mai tsabta a kai ɗakin gwaji kafin yara su fara sha, a kuma riƙa maimaitawa lokaci-lokaci. Ruwa ba ya tsami banza, amma wata gubar ko tsamin ba ta yi. A gwada ruwa kafin a sha.